Zauren Masu Karatu: Ɗana Yana So Mu Sayar da Fadama Ya Tafi Helsinki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam Habu. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gujungu, ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa. 'Yata ce ke rubuta mini wannan wasiƙa, ni ajami kawai na iya. Ɗana na fari, Auwalu, ya yi karatun kwamfuta, yau shekara biyu ke nan yana zaune a ɗaki yana yi wa wani kamfanin Turawa aiki ta intanet. Da fari mun ɗauka zaman kashe wando ne, sai muka ga ya saka mana sola, ya yi wa ɗakin uwarsa rufin kwano. Ya ce dala 900 ake biyansa a wata. Yanzu ya kafe sai ya tafi wani gari wai shi Helsinki, ya ce akwai samari masu yawo ƙasa-ƙasa da kwamfutarsu, duk inda suka sauka nan ne ofis. Wani mutum a Kano ya ce zai samo masa bizar masu aikin intanet idan an kawo naira miliyan 6. Ba ni da abin da zai kai wannan kuɗi sai fadamar da na gada, kuma ƙannensa bakwai ne. Na ji an ce ka zauna a ƙasar. In sayar? — Malam Sale, Taura.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, a gaida mutanen gida, a kuma gaida mai rubutu, hannunta ya yi kyau.

Kada ka sayar. Na fara da wannan ne don ko da 'yarka za ta gaji da karatu ta tsaya a nan, amsar ta riga ta isa gare ka.

Bizar da mutumin Kano yake tallatawa babu ita. Finlan, wadda Helsinki ne babban birninta, ba ta da wata biza ta musamman ga mai yi wa kamfanin waje aiki ta intanet. Haka Suwidin, haka Denmak. A ƙasashen arewacin Turai biyar, wato waɗannan uku da Norwe da Aislan, Aislan ce ta fito da irin wannan biza a 2020, ta kwana 180, kuma sharaɗinta mutum ya nuna yana samun miliyan 1 na krona, kuɗin ƙasar, a wata, wato sama da dala 7,000. Ko da Auwalu yana samun hakan, ƙofar ba tasa ba ce, don an keɓe ta ga 'yan ƙasashen da dama ba sa neman biza kafin su shiga Turai, kuma mai koren fasfo ba ya cikinsu. Estoniya, wadda jirgin ruwa ke kai mutum babban birninta Talin daga Helsinki cikin kamar awa biyu, ita tana bayarwa tun 2020, ta shekara guda, amma tana neman yuro 4,500 a wata. Ka ɗora 900 ɗin Auwalu a kan wannan sikeli ka gani.

To me dillalin zai kawo idan ya karɓi kuɗin? In ma ya kawo wani abu, bizar ziyara ce ta yankin Shengen, wato ƙasashen Turai 29 da ake shiga da biza ɗaya, wadda kuɗinta a hukumance yuro 90 ne, sai inshorar lafiya da ɗan kuɗin masu karɓar takardu. Ita kuwa kwana 90 take ba mutum a cikin kowane kwana 180, kuma ba izinin zama ko na aiki ba ce. Wanda ya zarce wa'adi sunansa na iya shiga rajistar da ƙasashe 29 ke dubawa, ya rufe wa kansa ƙofar da wata rana zai iya shiga da mutuncinsa. Ofishin jakadancin Finlan yana Abuja, hukumar shige da ficensu mai suna Migri ta zuba duk sharuɗɗa a shafinta kyauta. Yaron da ke rubuta manhaja ba ya buƙatar ɗan tsakiya ya karanta masa.

Amma ba na so in yi wa Auwalu rashin adalci, don abin da ya hango ba mafarki ba ne. Masu wannan rayuwa suna nan, na zauna da su. Mu Hausawa mun riga su sanin abin, sunansa cin rani. Kai da kanka, Baba, na tabbata ka taɓa ɗaure tabarma bayan kaka ka nufi Kano ko Kurmi, ka dawo da guzuri kafin ruwan shuka. Ɗan cin rani yana zuwa inda kuɗi yake, ya ƙuntata wa cikinsa, ya kawo riba inda rayuwa ke da sauƙi. 'Yan cin ranin intanet na Turawa su ma lissafin ke nan, sai dai su kuɗin yana biyo su ta waya, don haka suke kwasar albashin Landan ko Balin ta Jamus su je su ci shi a tsibirin Bali na Indunusiya ko birnin Chiang Mai na Tailan, inda haya da abinci ke da araha. Auwalu ya riga ya ci wannan riba ba tare da ya hau jirgi ba: ana biyansa da dala, yana kashewa a kasuwar Gujungu. Abin da yake shirin yi shi ne ya juya lissafin a baibai, ya ɗauki ƙaramin albashi ya kai shi ɗaya daga cikin wurare mafi tsada a duniya.

Na zauna a Helsinki daga 2017 zuwa 2019 ina karatu. Bari in faɗi abin da idona ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Gwamnatin Finlan da kanta tana neman ɗalibi baƙo ya nuna yana da yuro 800 na kowane wata kafin ta ba shi izinin zama, kuma wannan kuɗin rayuwar ɗalibi ce, mai ɗaki ɗaya a gidan ɗalibai da cin abincin jami'a mai rangwame. Wanda ba ɗalibi ba, haya kaɗai za ta lashe yawancin abin da Auwalu ke samu. Harajin da ake ɗorawa kan yawancin kayan saye a can kashi 25.5 cikin ɗari ne, a Denmak, Suwidin da Norwe kashi 25, alhali namu na nan 7.5 muke kuka da shi. Wanda ya zauna fiye da wata shida kuma ya zama mai biyan harajin ƙasar, ko daga ina albashinsa ke zuwa. Sauran biranen ba su fi sauƙi ba. A Kopenhagen, babban birnin Denmak, doka ta yarda mai gida ya karɓi kuɗin ajiya na wata uku da hayar wata uku tun kafin ka shiga. A Istokhom, babban birnin Suwidin, layin gidan haya mai rangwame shekaru ake yi a kansa, iyaye kan rubuta 'ya'yansu da zarar shekarunsu sun kai. Sannan komai a can yana rataye da lambar shaidar zama: asusun banki, asibiti, kwangilar waya. Suwidin ta kusa daina amfani da takardar kuɗi, shaguna da yawa ba sa karɓa, manhajar Swish da kowa ke biya da ita kuwa sai mai asusun bankin ƙasar. Mai bizar ziyara yana tsaye ne a bakin ƙofa yana leƙe.

Abin da ba a nunawa a bidiyon da Auwalu ke kallo shi ne duhu. Ni ɗan Gumel ne, na san sanyin hunturu, na ɗauka sanyi ne zai kayar da ni. Ashe sanyi mai sauƙi ne, gidajensu a ɗumame suke, rigar kirki ɗaya ta wadatar. A watan Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen tara da rabi na safe, uku da 'yan mintuna ta faɗi, kuma ko a tsakani sau da yawa gajimare ya rufe ta. Azahar, la'asar da magariba duk cikin awa uku suke haɗuwa, alwala ɗaya nake yi musu. Hunturuna na farko na kai sati uku ban yi doguwar magana da kowa ba sai mai shago, shi ma kalma biyu. Mutanen kirki ne, ba sa cuta, jakata na taɓa mantawa a jirgin ƙasa aka ajiye mini ita ko biro bai ɓata ba. Amma maƙwabcinka zai ji motsinka a bakin ƙofa ya dakata sai ka wuce sannan ya fito, a wurinsu hakan girmamawa ce. Ni ina da aji da abokan karatu ma ke nan. Mai aiki shi kaɗai a ɗaki, wanda abokan aikinsa ke cikin allo, wa zai ce masa ina kwana? Yaron da ya saba in ya fito zaure sai ya gaisa da mutum goma kafin ya kai masallaci, a yi masa wannan lissafi tun yana gida.

Da bazara kuma sai abin ya juye. Azumin 2018 ya faɗo a Mayu da Yuni, muna shan ruwa bayan ƙarfe goma na dare, kafin abinci ya faɗa an fara maganar sahur. Musulmi suna nan, kuma ba baƙi ba ne: 'yan ƙabilar Tatar sun zo daga Rasha tun ƙarshen ƙarni na 19, ƙungiyarsu ta addini ta samu rajista a 1925, ga Somaliyawa da Larabawa masu shagunan naman halal a gabashin birnin. Sai dai ba za ka ji kiran salla daga ɗakinka ba, waya ce ladaninka.

Daɗin kuwa ba na musun sa. Ban taɓa ganin an ɗauke wuta ba. Ruwan famfo ya fi na roba. A Disamban 2018 aka buɗe babban ɗakin karatu na Oodi daura da majalisar dokoki, ka shiga ka zauna da kwamfutarka daga safe har dare, ga intanet, ga ɗakunan taro, ga keken ɗinki ma, babu mai tambayarka sisi. Nan na fi haɗuwa da 'yan cin ranin intanet ɗin, kuma na lura da abu ɗaya: kusan duk masu fasfon Turai ne, waɗanda doka ta ba su damar zama, ko Amurkawa masu albashi mai kauri da ke yin wata biyu na bazara su gudu kafin duhu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ga wani abu da Auwalu ya fi ni sani amma wataƙila bai auna darajarsa ba. Agogon Najeriya daidai yake da na Kopenhagen, Istokhom da Oslo a lokacin hunturu, da bazara su wuce mu da awa ɗaya. Helsinki tana gabanmu da awa ɗaya, da bazara biyu. Ma'ana kamfanin can zai iya ɗaukar ɗan Taura aiki su tashi tare su rufe tare, abin da ma'aikacin Indiya ko na Amurka ba zai iya ba sai da hana ido barci. Matsalarsa a ƙauye wuta ce da sabis. Sola ya riga ya saka, Starlink kuma, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, ta fara aiki a Najeriya tun Janairun 2023, ita ce ƙasar Afirka ta farko. Kuɗin ƙarin batir da faifan intanet bai kai rabin abin da dillalin ke nema ba, kuma daga albashinsa za su fito, fadama tana inda take.

In kuma zuciyarsa na son ganin duniya, wannan ba laifi ba ne, ni ma ita ta fitar da ni. Hanyoyin gaskiya biyu na sani. Ko kamfanin can ya ɗauke shi aiki a rubuce, ya nemi izinin zama na ƙwararru da wannan takarda, ko ya nemi digiri na biyu. Tun 2017 jami'o'in Finlan ke karɓar kuɗin makaranta daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, amma suna ba da tallafi ga masu sakamako mai kyau. Kafin nan ya gwada ƙafarsa a kusa. Da fasfonsa zai yi kwana 90 a Accra ko Dakar babu biza, Kigali ma tana karɓar 'yan Afirka a filin jirgi. Ya yi wata guda da kuɗin aljihunsa ya ga ko aikin na tafiya a baƙon wuri, hatimin da zai tara a fasfo kuma zai yi masa rana ran da ya je neman bizar Turai.

Auwalu, na san kai za a miƙa wa mujallar nan bayan an gama. Ƙanena, ka nemi mutumin nan ya rubuta maka sunan bizar da harshen Ingilishi, ka nemo ta a shafin Migri a gaban Baba.

TAMBAYA: Malam, wai gaskiya ne akwai wani tsibiri a Norwe da kowa zai iya zama babu biza? — Rabi'u, Dambatta.

AMSA: Gaskiya ne, Rabi'u, sunansa Svalbard, kuma tushen abin wata yarjejeniya ce ta 1920. Sai dai jirgin da ke zuwa can daga Oslo ko Tromso na ƙasar Norwe yake tashi, don haka sai ka samu bizar Shengen ta shiga da fita tukuna. Babu tallafin gwamnati ga baƙo, wanda kuɗinsa ya ƙare gwamnan tsibirin na da ikon sallamarsa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana ba ta fitowa ko sau ɗaya. Babban garin wurin, Longyearbyen, bai kai mutum 3,000 ba, kuma duk mai fita bayan gari sai ya tafi da abin kare kai, galibi bindiga, saboda farar dabbar ƙanƙarar nan mai cin mutum da Turawa ke kira polar bear. Ka fara gaya mini sana'ar da za ka yi a can, sai mu yi maganar rigar sanyi.