Sabar a ƙarƙashin tebur, ko ERP na intanet?

Tambaya: Malam, ina da kanti a Yamai kusa da Katako, da mangaza ɗaya a Birnin Konni, ɗaya a Tawa. Yaron da ke kula mana da kwamfuta ya ce in sayi sabar (babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai) mu ɗora manhajar ERP (mai haɗa lissafin kaya, kuɗi da albashi wuri ɗaya) a ofis, wai kayana su zauna a hannuna. Wani kuma ya ce in ɗauki ta intanet in riƙa biya duk wata. Wace zan bi? (Wani Alhaji, Yamai)

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Wannan maganar ta "kayana a hannuna" ba ƙaramin ɓata mini rai take yi ba, domin na san irin hannun. Sabar tana jibge ƙarƙashin tebur kusa da butar shayi, ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, ga zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40. Batirin da aka saya don riƙe ta in an ɗauke wuta ya mutu tun bara, ba wanda ya lura. Ka ce ina kwafin ajiya, a nuna maka shi cikin ita sabar ɗin. Ranar da faifan ajiyar bayananta ya ƙone, lissafin bashi da na kaya da na albashi duk sun tafi tare. Kalmar sirri kuwa yaro ɗaya ne ya san ta, ga shi ya tafi Kwatano ɗauko mota, wayarsa a kashe. Haba Alhaji, kai da ba ka yarda mabuɗin mangaza ya kwana wajen kowa!

A ta intanet, manhajar na zaune a manyan kwamfutocin kamfanin da ya ba ka ita. Sanyaya su, sabunta su da yin kwafi kullum duk aikinsa ne. Kai kuma ba ka zuba kuɗi lokaci guda kan sabar da na'urar sanyi da batura. Babbar ribar ga mai rassa uku irinka ita ce littafi ɗaya: buhun shinkafa 50 suka fita a Konni, nan take adadin ya ragu a wayarka kana Yamai, ba sai an karanto maka da dare ba. Manhajojin ERP irin su Odoo na ƙasar Beljiyam da ERPNext na Indiya duk ana iya ɗora su a ofis ko a intanet, don haka gwada na intanet tukuna. Kafin ka sa hannu, a nuna maka tsarin lissafin SYSCOHADA (wanda doka ta sa kamfanonin Nijar su bi) a ciki, da yadda za ta fitar da faktir ɗin da hukumar haraji ke karɓa.

Tana da nata ciwon kai. Intanet ya yanke, aiki ya tsaya, saboda haka kowane reshe ya riƙe layi biyu na kamfanoni daban, misali Airtel da Moov. Yawanci kuɗin watan bisa yawan ma'aikatan da ke amfani da ita ake lissafa shi, sai ka ƙirga na shekara uku ka gani. Kuma don Allah kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, kada mutum bakwai su shiga da sunan Alhaji. Duk ƙarshen wata a sauke bayanan zuwa Excel a adana, ni kan wannan ba na sassauci.

Tambaya: Wayata kullum tana cewa ta cika, alhali ban ɗora komai ba. (Wata Hajiya, Tawa)

Amsa: Hajiya, bidiyon biki da suna ne na zaurukan WhatsApp. Kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, ki share na bara.

Tambaya: Kwamfutata na zafi tana mutuwa da kanta. (Ɗalibi, Jami'ar Abdou Moumouni)

Amsa: Ɗana, ɗauke ta daga kan katifa, ka kai a hure mata ƙurar fanka.