Tambaya da Amsa: Wa ke yanke inda za a yi gini da inda za a bar wa noma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a ƙaramar hukumar Wamakko, kuma gonar da muka gada tana bakin fadama. Dillalai sun matsa mana mu sayar domin a yanka filaye, amma wani masani ya ce mana wurin bai dace da gini ba a tsarin amfani da ƙasa. Mene ne wannan tsari, kuma anya ba dabara ba ce ta hana talaka cin moriyar abinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsarin amfani da ƙasa na yanki shi ne a dubi ƙasar yanki guda gaba ɗayanta, birni da ƙauye, tudu da fadama, a ware tun da wuri inda ya dace da gidaje, inda za a bar wa noma, inda dabbobi za su bi, inda ruwa zai wuce, da inda masana'antu za su zauna. Ya bambanta da tsarin unguwa, domin shi ba ya tsayawa a kan iyakar ƙaramar hukuma. Birnin Sakkwato ya daɗe da fita daga Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ya kutsa cikin Wamakko da Dange Shuni da Kware, saboda haka duk shawarar da ɗaya daga cikinsu ta yanke a kan fili, maƙwabtanta ne za su ɗanɗana sakamakonta.

Ta fuskar doka, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar mallaka a cikin birni, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da izinin zama na gargajiya a karkara. A 1992 aka ƙara da dokar tsara birane da yankuna, wadda ta tanadi a riƙa zana tsari a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma.

Batun fadama shi ne nake so ka tsaya a kansa, domin a ganina nan ne amfanin tsarin ya fi fitowa fili a ƙasarmu. Damina a Sakkwato gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma gonar tudu ba ta ba da amfani sai sau ɗaya a shekara. Fadamar Gulbin Rima da ta Gulbin Sakkwato kuwa ita ke ɗaukar shinkafa da damina, ta ɗauki albasa da tumatir da tafarnuwa da rani, ta kuma ba makiyayi ciyawa a lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Fili irin wannan idan aka zuba masa siminti ya tafi ke nan har abada, alhali gidan da aka so ginawa a kansa ana iya gina shi a kan fako ba tare da an rasa komai ba. Bayan haka, fadama hanyar ruwa ce. Waɗanda suka shaida ambaliyar Satumban 2010, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya malale garuruwa ya kuma ɗauke gadar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sun san cewa gulbi yana komawa tsohuwar hanyarsa ko da bayan shekaru masu yawa. Wanda ya sayi fili a irin wurin nan ya sayi ambaliya da kuɗinsa, dillalin da ya sayar masa kuwa ya daɗe da barin unguwar.

Amma tsoronka yana da tushe, kuma ba zan rufe shi ba. Doka ta ba gwamnati ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuma ta abin da ke kan filin ce, wato gini da shuka, ban da ƙasar kanta. Tarihin yankin nan ma ya nuna abin da kan faru idan aka zana tsari a ofis ba tare da jin bakin masu gonaki ba. An kammala madatsar Bakolori a 1978, a lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kuma taƙaddamar diyya da rabon gonaki ta kai ga asarar rayukan manoma a 1980, sa'annan manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar suka ga ruwan da suka saba noma da shi ya ragu. Don haka tsari nagari dole ne a baje shi a fili, a kira hakimai da dagatai da manoma da Fulani su faɗi albarkacin bakinsu, kuma haramcin gini a fadama ya hau kan mai kuɗi kamar yadda ya hau kan talaka.

Shawarata ita ce kada ku karɓi kuɗin kowa sai kun je hukumar tsara birane ta jiha kun nemi a nuna muku matsayin gonar a taswira. Idan ta faɗa cikin hanyar ruwa, awon igiyar da dillali zai yi ba zai sa mai saye ya samu izinin gini ba, kuma rigimar za ta dawo ƙofar gidanku.

Tambaya: Ni makiyayi ne daga Tangaza. Shin wannan tsari ya san da zaman burtali?

Amsa: Ya kamata ya sani, Malam, domin tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, kuma dokar 1978 ta yarda ƙaramar hukuma ta ba da fili har hekta 5,000 domin kiwo. Matsalar ita ce burtali yana ratsa ƙananan hukumomi da dama har ya tsallaka Jamhuriyar Nijar, kuma idan aka nome shi a wuri ɗaya tak, dukan hanyar ta toshe, shanu kuma sai su faɗa gonar da ke kusa. Abin da ya dace ku nema, ta hannun arɗo da hakimi, shi ne a auna burtalan da mashayar dabbobi, a kafa musu turakun siminti, a kuma shigar da su cikin taswirar jiha, saboda iyakar da take a bakin dattawa kawai takan ɓace da rasuwarsu.