Sabon bugun Liege & Lief: a saya ko a bari?

Malam, ka ce kana da tsohon kaset, ko akwai amfanin sayen bugun 2007 mai faifai biyu? Ni dai na ce ka saya.

Fairport Convention, ƙungiyar mawaƙan Birtaniya, sun fitar da wannan kundin waƙoƙi a Disambar 1969, watanni kaɗan bayan hatsarin motar da ya kashe makaɗin gangarsu, Martin Lamble. Tsofaffin waƙoƙin gargajiyar Birtaniya suka ɗauko suka haɗa da jitar lantarki. Kunna waƙar "Matty Groves" da ke ciki ka ji: muryar Sandy Denny tar, kamar tana gabanka, sannan gogen Dave Swarbrick da jitar Richard Thompson su yi ta kokawa har ƙarshe. A kaset duk wannan dishi-dishi yake.

Faifai na biyun kuwa, sau ɗaya na saurara na ajiye.