Shin Wallafa Kuɗin Gwamnati a Intanet Yana da Amfani?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sanya bayanan kuɗin da gwamnati ke kashewa a intanet zai sa talaka ya san inda dukiyarsa ke tafiya. Zai sa, amma ya danganta da yadda aka sanya su.

Brazil ta buɗe shafinta mai suna Portal da Transparência tun 2004. Yukren kuma ta wajabta amfani da ProZorro, shafinta na bayar da kwangilolin gwamnati, a 2016, inda kowa zai iya duba kwangila, ya ga kamfanonin da suka nema, farashin da kowanne ya bayar, da wanda aka bai wa.

Abin da ke ɓata min rai shi ne hukumar da za ta ɗauki hoton takardun kasafi masu ɗaruruwan shafuka ta ɗora, ta ce ta fito da komai fili. Ba ka iya neman sunan ɗan kwangila a ciki, balle ka tara lissafi. Bayanan su zo a jadawalin da kwamfuta ke karantawa, da ranar biya da wurin aikin. Da haka ne mutum zai riƙe wayarsa ya je ya tsaya gaban asibitin da aka ce an gama, ya duba ko ma an yi rufi.