Tambaya da Amsa: Wa yake koya wa mutanen farko kwamfuta tun babu intanet?

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar da na faɗa a cikin wata amsa cewa an taɓa yin zamanin da ake ajiye manhajar kwamfuta a kaset irin na rediyo, saƙonni suke ta shigowa, wasu ma cewa suke kamar tatsuniya nake musu. Toh yau na ware tambayoyin da suka shafi wancan zamanin, mu ɗan koma baya.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam ni abin da yake ɗaure min kai, yanzu in kwamfutata ta ba ni matsala YouTube nake hawa in duba, toh su waɗanda suka fara sayen kwamfuta a gidajensu wa yake nuna musu yadda za su yi?

Amsa: Ƙanena junansu suke koya wa, babu wani malami a sama. Bari in ba ka misalin da ya fi shahara. A watan Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta Amurka ta sa hoton wata na'ura a bangonta mai suna Altair 8800, wani ƙaramin kamfani MITS da ke garin Albakaki a jihar Niyu Meziko ne ya yi ta, kuɗinta wajen dala 400, kuma a warwatse za a aiko maka da ita cikin kwali kai za ka zauna da dalma ka haɗa abinka. In ka gama haɗawa kuma kada ka zaci za ka ga allo ko kibod, babu ko ɗaya, wasu 'yan makunnai ne jere a gabanta da jajayen fitilu ƙanana, ka ɗaga wannan ka sauke wancan kana shigar da umarni ɗaya bayan ɗaya da sifili da ɗaya. Memorinta bayit 256 ne kacal. Saƙon tes guda ɗaya na waya harafi 160 yake ɗauka, kaga ko tes biyu cikakku ba za su shiga cikinta ba.

Toh mutum ya kashe kuɗinsa ya haɗa wannan akwati kuma bai san me zai yi da shi ba, dole ya nemi ɗan'uwansa mai irin ciwon. Ranar 5 ga Maris 1975 mutum wajen 32 suka haɗu a garejin wani Gordon French a Menlo Fak ta jihar Kalifoniya, shi da abokinsa Fred Moore suka kira taron, daga nan ƙungiyar Homebrew Computer Club ta samo asali. Da jama'a suka yi yawa sai suka koma babban ɗakin taro na wata cibiyar bincike ta jami'ar Stanford, Lee Felsenstein ne yake jan ragamar zaman. Tsarin nasu yana burge ni sosai, da farko kowa zai miƙe ya faɗi abin da yake da shi ko abin da yake nema a taƙaice, wani ya ce ina da ayisi (ƙananan ƙwayoyin lantarki na cikin na'ura) kaza guda goma ba na amfani da su, wani ya ce memorina yana mantuwa in na'ura ta yi zafi wa ya taɓa ganin haka, ba a barin a tsaya dogon bayani a lokacin. Sai an zagaye kowa sannan a watse cikin ɗakin, kowa ya nufi wanda ya ji yana da maganin matsalarsa. Cinikin kayan gyara kuma a waje ake yi bayan an tashi.

Akwai wani abu da ya faru a ɗaya daga cikin zamansu na farko-farko da ba na gajiya da ba da labarinsa. Wani Steve Dompier ya lura in ya ajiye ƙaramar rediyo kusa da Altair ɗinsa tana aiki, rediyon yana ƙara, kuma ƙarar tana canjawa daidai da abin da na'urar take lissafawa. Sai ya zauna ya gano wane umarni ne yake ba da wane sauti. Ranar taro ya zo ya duƙa yana ta ɗaga makunnai yana saukewa yana shigar da shirin, wato jerin umarnin da na'urar za ta bi, ana cikin haka wani ya yi tuntuɓe da wayar wuta komai ya goge, haka ya sake farowa daga farko don babu inda aka ajiye shi. Da ya gama ya ɗora rediyon, sai ga kiɗa yana fitowa. Ɗakin gaba ɗaya aka miƙe ana tafi. Kuma bai riƙe sirrin ba, an buga lambobin shirin a takarda kowa ya je ya gwada a gidansa.

Tambaya daga wani dattijo a Maraɗi: Ɗana, ni na yi sana'ar kaset shekaru da yawa, waƙa da wa'azi na san ana ɗauka a ciki, amma ta yaya kwamfuta za ta karanta kaset?

Amsa: Baba Allah ya ƙara lafiya, ai kai za ka fi kowa saurin ganewa. Kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, toh sai aka ce bari a mai da su sauti, sifili ya zama ƙara mai kauri, ɗaya ya zama ƙara mai tsini. A ƙarshen 1975 mujallar Byte ta tara masu ƙera na'urori a Kansas Siti suka yi yarjejeniya a kan haka don kaset ɗin wani ya yi aiki a na'urar wani, sifili sauti mai kaɗawa 1200 a daƙiƙa, ɗaya kuma 2400, gudun abin bai wuce harafi 30 a daƙiƙa ba. In ka sa irin wannan kaset a rediyo za ka ji wani tsuwwa ne kawai mai ciwon kunne. Daga baya kamfanoni da yawa kowa ya bi hanyarsa, kamar kwamfutar ZX Spectrum da kamfanin Sinclair ya fitar a Ingila a 1982, ita ta fi sauri amma duk da haka babban gem sai ka jira kamar minti biyar, kuma sau da yawa sai an kusa ƙarshe ta rubuto maka cewa lodin ya lalace ka mayar da kaset baya ka sake.

Shawarwarin da suke ba junansu a nan Baba duk ka san su. A goge kan rediyon da auduga da ɗan sifirit, a ƙara siririn sauti a rage mai kauri, a nemo daidai inda ƙarar murya take karɓa a sa alama da biro kada a sake taɓawa, kada a sayi dogon kaset na minti 90 ko 120 don zarensa siriri ne yana miƙewa, a nemi gajere na minti 15. In kaset ɗin aboki ya ƙi karantuwa a naka, akwai wani ɗan sukuru a gefen kan da yake karanta zaren, a sa ƙaramin sukundireba ana juyawa a hankali ana saurare har sai tsuwwar ta fito tas. Har ta kai a Holan gidan rediyon ƙasar yana da wani shiri Hobbyscoop da a farkon shekarun 1980 suke watsa manhaja ta iska, mutum ya danna rikodin a gida ya ɗauki ƙarar, in an gama ya sa wa kwamfutarsa.

Tambaya daga wata mai shagon buga takardu a Kaduna: Malam wani ya ce min satar manhaja tun daga wancan lokacin aka fara, wai har Bill Gates ya yi faɗa da su. Gaskiya ne? Don ni ma Office ɗin da ke shagona ba na saye ba ne.

Amsa: Hajiya gaskiya ne an yi haka. Bill Gates da Paul Allen su suka rubuta yaren BASIC na Altair a 1975, wato manhajar da ke ba mutum damar rubuta wa kwamfuta umarni da kalmomi, shine ma farkon abin da Microsoft ta sayar, kuma a kan wata siririyar doguwar takarda mai huji-huji ake rarraba shi, a naɗe. A watan Yunin shekarar MITS suka kawo motar tallarsu wani otal a Falo Alto, naɗi ɗaya ya yi ɓatan dabo, wani ɗan ƙungiyar Homebrew mai suna Dan Sokol da ke da injin kwafe irin takardar a wajen aikinsa ya buga wajen guda 50 ya kawo taro, sharaɗin kawai in ka ɗauki ɗaya ka dawo da biyu. A Fabrairun 1976 Gates, lokacin yana ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa aka buga har a takardar labaran ƙungiyar, ya ce cikin masu Altair ko kashi 10 cikin 100 ba su biya kuɗin BASIC ba, kuma in aka lissafa wahalar da suka sha ladansu bai kai dala 2 a awa ba, ya kira abin sata kai tsaye.

Su ma suna da nasu ƙorafin. In za ka sayi BASIC shi kaɗai kuɗin ɗaruruwan daloli ne, sai in ka haɗa da allon memorin kamfanin ake maka ragi sosai, allon kuma ya yi ƙaurin suna wajen ba da matsala, har wani ɗan ƙungiyar Bob Marsh ya buɗe kamfanin Processor Technology yana yin wanda ya fi shi inganci. Ni dai a ganina Gates yana da gaskiya cewa guminsa ne, haƙƙi haƙƙi ne ko a takarda yake ko a filas. Amma amsar da ta fi birge ni ita ce ta waɗanda ba su tsaya cacar baki ba suka zauna suka rubuta nasu, aka samu Tiny BASIC, Tom Pittman ya sayar da nasa dala 5 kacal mutane suka yi ta aiko masa da kuɗin da kansu, Li-Chen Wang kuma ya saki nasa kyauta a 1976 a mujallar Dr. Dobb's kowa ya kwafa ya gyara.

Toh Hajiya jikokin wannan tunanin suna nan. Ki sauke LibreOffice, kyauta ne halak malak, yana buɗe takardun Word da Excel, abin da zan ce ki kula kawai wani lokacin tsarin shafi yana ɗan gocewa, ki riƙa dubawa kafin ki buga wa kwastoma. Waɗancan fasassun manhajojin da ake turawa a filas kuwa da yawansu da bairos a ciki, kuma ke takardun mutane kike riƙewa, sakamakon jarrabawa da takardun banki da sauransu, amana ce.

Tambaya daga wani yaron shago mai koyon gyaran waya a Kano: Oga da gaske ne kamfanin iPhone daga irin wannan taron ya fito?

Amsa: Da gaske ne abokina. Steve Wozniak yana cikin waɗanda suka zo zaman farko a garejin nan, lokacin yana aiki a HP. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, tana da tsada a lokacin, ta Motorola wajen dala 175, sai ga MOS 6502 ta fito a dala 25 a 1975, ya saya ya gina kwamfuta a kanta wadda ake jona mata kibod da talabijin. Yana zuwa taro da ita yana raba zanen haɗin kyauta ga duk mai so, har gidajen mutane yake zuwa ya taya su haɗawa. Steve Jobs ne ya ce a riƙa yin allon da ake jera kayan haɗin a kai ana sayarwa, suka kafa Apple, kamfanin da ke yin iPhone, ranar 1 ga Afrilu 1976, mai shagon Byte Shop Paul Terrell ya yi odar guda 50, aka sa mata farashi dala 666.66. Ita kuwa ƙungiyar ta ci gaba da zama har 1986. Tunda gyara kake koyo, ka sayi littafi ka riƙa rubuta duk wayar da ta zo, samfurinta, abin da take yi, abin da mita ta nuna, abin da aka canja ta tashi. In za ka tambayi wani ka faɗa masa waɗannan, kada ka ce masa kawai ta ƙi kawo wuta.

Tambaya ta ƙarshe daga wata malamar firamare a Gusau: Akwai yadda zan nuna wa yarana irin wannan kwamfutar su taɓa da hannunsu?

Amsa: Akwai Malama, kuma ba sai kin kashe ko sisi ba. Ki sauke VICE a laftof, manhaja ce kyauta da take kwaikwayon kwamfutar Commodore 64 ta 1982, in kuma Spectrum kike so akwai Fuse. Kina buɗe VICE za ki ga shuɗin allo ya rubuta cewa bayit 38911 ne suka rage miki ki yi aiki da su. Yaran wancan lokacin daga mujalla suke kwafe shiri layi-layi, wani shafi uku wani huɗu, ɗaya yana karantowa ɗaya yana bugawa, waƙafi ɗaya ya kuskure abin ya ƙi tashi su koma nema, a haka da yawansu suka iya. Ki sa naki su yi haka su bibbiyu. Su rubuta wannan, suna danna Enter a ƙarshen kowane layi:

10 PRINT "SANNU DA ZUWA"
20 GOTO 10

Sai su rubuta RUN. Gaisuwar za ta yi ta zubowa ba tsayawa har sai an danna Esc, shi ne yake tsaya wa maɓallin tsayarwa na asalin na'urar. In alamar zance ta ƙi fitowa su gwada Shift da 2. Bayan nan su rubuta POKE 53280,0 za su ga gefen allon ya koma baƙi, 53280 ɗin adireshi ne a cikin memori inda launin gefe yake zaune, 1 fari ne, 2 ja, 5 kore, 7 rawaya. Kada ki faɗa musu aikin 53281, ki ce su canja lambar da kansu su zo su gaya miki abin da suka gani.