Amsa ga uwar yarinya mai ciwon MS a Jidda

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba 'yarki lafiya. Kin tambaya ko yarinya 'yar shekara 12 mai ciwon MS (multiple sclerosis, ciwon da ke taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka) za ta iya shan ƙwaya maimakon allura. E, akwai.

Fingolimod, wanda ake sayarwa da sunan Gilenya, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018 don yara daga shekara 10. Sau ɗaya ake sha a rana, nauyin yaro kuma shi ke yanke adadin. Ranar farko za ku zauna a asibiti awa 6 ana auna bugun zuciyarta, domin maganin yakan rage shi. Kafin nan a duba idonta da hantarta, a kuma tabbatar ta taɓa yin ƙarambau ko an yi mata rigakafinsa. Don Allah kada ki dakatar da maganin da kanki, ciwon yakan dawo da ƙarfi.

Allurar interferon ma tana aiki, sai dai zazzaɓin bayanta yana wahalar da yara.

Zafin Jidda kuwa yakan tayar da alamun na ɗan lokaci. In ta dawo makaranta tana jan ƙafa, ki sanyaya mata jiki. In ya wuce kwana guda, ku koma wurin likitan jijiyoyinta.