Tunda 5G ya zo, shin akwai sauran buƙatar tsare SS7?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Shekara biyu ke nan ina aiki a sashen sigina, wato saƙonnin da cibiyoyin waya ke aika wa juna don haɗa kira da isar da tes, na wani kamfanin sadarwa. Mun nemi a sanya katangar tsaro mai tace saƙonni a kan SS7, tsohon tsarin sigina na tsakanin kamfanonin waya, sai shugabanmu ya ce asarar kuɗi ce. Wai hanya ce rufaffiya tsakanin kamfanoni, bare ba ya shiga, kuma kwanansa ya ƙare tunda 5G ya zo. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina ɓata lokacina ne a kan abin da ya mutu, ko masu layinmu na cikin haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Gara da hankalinka ya ƙi kwanciya, domin masu layinku na cikin haɗari. Maganar nan ta "rufaffiyar hanya" kuwa na gaji da jin ta, kusan kullum sai wani ya maimaita mini ita, kuma galibi mutumin da sa hannunsa ake jira kafin a fitar da kuɗi.

Na san inda ta samo asali. A da, sigina da murya hanya ɗaya suke bi, har ta kai a Amurka mutum zai busa sautin 2600 Hz cikin bakin waya, cibiyar haɗa kira ta ɗauka layin ya saki, shi kuma ya kira inda ya ga dama kyauta. Da aka ware wa sigina hanyarsa ta daban, aka tsayar da SS7 a matsayin ƙa'idar CCITT (kwamitin tsara ƙa'idojin waya na duniya a lokacin) a 1980, wannan satar ta mutu, saboda mai waya ba shi da damar taɓa hanyar. To amma mai waya kaɗai aka kulle a waje. Duk wanda ke cikin hanyar an ɗauke shi amintacce. A lokacin kamfanonin 'yan kaɗan ne, yawanci mallakar gwamnati, kowa ya san kowa, don haka babu wanda ya ga dalilin tantance mai aiko saƙo ko ɓoye abin da ke cikinsa. Saƙon MAP (yaren da cibiyoyin salula ke tambayar juna bayanin mai layi da shi) in ya iso da siffar da ta dace, HLR, wato rumbun rajistar masu layi, zai amsa, ba ya tambayar wa ya turo.

Yanzu su wa ke cikin gidan? Ɗaruruwan kamfanoni a ƙasashe daban-daban, da dillalan da ke haɗa yarjejeniyar yawo da layi a waje, da masu tura saƙon tes da yawa a madadin bankuna da 'yan talla, da waɗanda ke ba da hayar adireshin Global Title, wanda da shi ake gane cibiya a SS7, ga wanda ya biya. Ga kuma SIGTRAN, wanda tun wajen shekarar 2000 ya ɗora saƙonnin SS7 a kan IP, tsarin da intanet ke aiki da shi. Ɓarawo ba sai ya haƙa ƙasa ya nemo kebul ba, ya ishe shi ya samu ƙofa ta kamfani ɗaya mai sakaci a ko'ina a duniya, daga nan ya ƙwanƙwasa ƙofarku a matsayin abokin hulɗa.

Kai da ke duba bayanan sigina, ka san yadda abin yake tafiya. Ɓarawo ya aiko saƙon SendRoutingInfoForSM kamar mai son isar da tes, ku ba shi IMSI (lambar shaidar layi da ke cikin SIM) da adireshin MSC, wato cibiyar haɗa kiran da ke riƙe da mai layin. Ya biyo da saƙon UpdateLocation yana cewa mutumin ya shigo yankinsa. HLR ya yarda, ya sauya rajista. Daga wannan lokacin lambar sirrin da banki ya turo wa mai layi hannun ɓarawo za ta faɗa. Na taɓa zama da dare ina bin irin wannan a allo: layi ya gama kira a cikin gida, bayan minti goma sai ga shi wai ya bayyana a wata nahiya. Babu jirgin da ke wannan gudun, amma injin ya karɓa ba musu, domin ba a taɓa koya masa ya yi shakka ba. Mai layin nan wayarsa na aljihu, bai danna komai ba, bai ba kowa lambarsa ba.

Kuma ba sirri ba ne. Mai binciken tsaro Tobias Engel ya nuna yadda ake gano inda mutum yake ta SS7 a taron masana tsaron kwamfuta a Jamus a 2008. A 2014 shi da wani mai binciken, Karsten Nohl, suka nuna satar sauraron kira da karkatar da tes. A 2016 an gwada shi a talabijin a kan wayar ɗan majalisar Amurka Ted Lieu da yardarsa. A 2017 aka kwashe kuɗi daga asusun mutane a Jamus ta hanyar karkatar da lambobin da bankuna ke turawa. Shugaban da bayan duk wannan ya ce bare ba ya shiga, wallahi amanar mutane yake wasa da ita. Haka nan masu tallar manhajar da wai ke kare waya daga harin SS7, da masu yaɗa cewa danna *#21# na nuna ko ana sauraronka, suna cin kuɗin jama'a ne da ruɗa su. Lambar nan matsayin karkatar da kira kawai take nunawa. Harin a tsakanin cibiyoyi yake faruwa, maganinsa kuma a wurinku yake, ku da ke riƙe da STP, na'urar da saƙonnin SS7 ke ratsawa.

Batun makomar SS7 kuwa, gaskiya ne ana ƙaura. ISUP, ɓangaren SS7 mai haɗa kira, yana ba SIP, takwaransa na IP, wuri, murya tana komawa IMS da VoLTE (kira ta hanyar IP), sabon tsari mai suna Diameter ya karɓi aikin MAP a 4G. Sai dai Diameter ya gaji halin magabacinsa, shi ma yarda da maƙwabci yake yi, kuma an nuna hare-hare makamantan waɗancan a kansa. A cikakken 5G ne aka gyara tushe: saƙonni na tafiya a kan HTTP/2 da TLS (tsarin yanar gizo da makullin da ke ɓoye abin da aka aika), sannan aka kafa mai gadi da ake kira SEPP a bakin iyakar kowane kamfani don tantance abokin hulɗa. Amma ka tambayi shugabanku wane 5G yake nufi. In irin wanda ke jingine da cibiyar 4G ne, Diameter ne ke aiki a ƙarƙashinsa. Kuma muddin wani mai layinku zai iya sauka a ƙasar da 2G ko 3G ne kaɗai zai kama, dole ƙofar SS7 ta zauna a buɗe. Maharin kuma ta ƙofar da ta fi rauni yake zuwa.

Don haka ba ka ɓata lokacinka. Ka riƙe MTP, SCCP da TCAP, wato matakan da aka gina SS7 a kansu, da kyau, ka ƙara SIP da Diameter a kai, domin wanda ya san inda tsoho da sabo suka haɗu shi ake nema yanzu.

Kafin a saki kuɗi, akwai abin da za ku fara. Ku nemi takardar GSMA (ƙungiyar kamfanonin salula ta duniya) mai lamba FS.11, wadda ta kasa saƙonnin gida uku. Kashin farko, irin su AnyTimeInterrogation mai tambayar inda mai layi yake, ba su da dalilin shigowa daga waje sam, kuma ana iya toshe su a STP da kayan da kuke da su. Na biyu ana karɓar su ne kawai daga kamfanin asali na baƙon da ke yawo a hanyarku. Na uku, irin su UpdateLocation, su ne masu wahala, sai an gwada inda mai layi yake ɗazu da inda ake cewa yake yanzu, a nan ne katangar ta zama tilas. Ku kuma sa duk tes mai shigowa ya bi ta cibiyarku, yadda IMSI na gaskiya ba zai fita ba. Sannan ka tattara na mako ɗaya, saƙonnin kashin farko nawa suka ƙwanƙwasa ƙofarku daga waje da adireshin da suka fito, ka buga a takarda ka ajiye a teburin shugabanku tare da buƙatar a rubuce, da kwanan wata da sa hannunka.